Na je Kano koyon riƙon unguwa

Kwata ce ta tashe ni daga Katsina zuwa Kano. Unguwarmu sabuwa ce, irin ta awon igiya da ke bayan gari, inda kowa ya sayi filinsa ya gina yadda ya ga dama, ba a bar wa ruwa hanya ba. Daminar bara ruwa ya shiga gidaje 7 a layinmu, katangar wani maƙwabcina ta faɗa wa awakinsa cikin dare. Muka kafa kwamiti, aka ba ni sakatare saboda ni malamin makaranta ne, muka yanka wa kowane gida naira 2,000 a wata don a gina magudanar ruwa. Watan farko gida 60 suka biya. Kafin wata na uku sun koma 11. Na yi ta bin mutane ƙofa-ƙofa, har ta kai in na yi sallama sai yaro ya fito ya ce maigidan ba ya nan, alhali ga takalminsa a zaure. Abin ya ci mini rai, na ƙudurta a zuciyata cewa mutanenmu ne ba sa son ci gaba.

Cikin wannan hali na yi waya da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fi shekara 30 a Kano yana sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa. Ya bari har na gama kokena, sannan ya ce, "Ɗana, ka zo mana kwana biyu. Ka daidaita zuwanka da Asabar ɗin ƙarshen wata. Gani ya kori ji."

Ranar Alhamis da sassafe na isa tasha, na biya naira 6,000 a Sharon, amma sai wajen ƙarfe 8 motar ta cika. Muka bi ta Abukur, Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya. An yi ruwan farko, ko'ina manoma sun duƙufa, wasu na shuka wasu na watsa taki. Na ƙirga shingaye 7 kafin Bichi. A biyu daga ciki jami'an kwastam suka sa direba ya buɗe but, suka taɓa buhunan da ke ciki don neman shinkafar waje, da suka ga gero ne suka ɗaga mana hannu. Aikin tagwaita hanyar ya daɗe ana yi, wani wuri ka hau sabuwar kwalta mota ta miƙe, wani wuri a karkatar da ku cikin ƙura.

Wanda ke kusa da ni dattijo ne mai fataucin hatsi, zai sauka a Dawanau. Da ya ji abin da zai kai ni Kano sai ya gyara zama, ya ce in dai riƙon jama'a nake son gani, in duba kasuwarsu: kowane layi da shugabansa, 'yan dako da nasu, dillalai da nasu, in rigima ta tashi a kan awo ko bashi, a nan ake kashe ta kafin ta je wurin hukuma. Da muka iso Dawanau na ga tireloli jere ana loda riɗi da wake da zoɓo, ya sauka ya yi mini addu'ar samun abin da na fito nema. Daga nan cunkoso ya fara: Mil Tara, Bachirawa, Rijiyar Lemo, Kurna, mota tana tafiya kamar hawainiya, adaidaita sahu sun cika titi kamar fara. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, shi ya sa mai ƙafa uku ya gaje titi. Sunan ma daga shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu ya samo asali, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo.

Kawu ya turo ɗansa, taubashina, ya tare ni a Ƙofar Ruwa. Muka hau adaidaita kan naira 300 kowa, aka sauke mu a bakin titi, sauran tafiyar da ƙafa muka yi, domin lungunsu, da ke tsakanin Gwammaja da Dala, ko baro biyu ba za su wuce juna a ciki ba. Aka ba ni shagon da ke jikin zaure. Inna, matar Kawu, ta aiko da ruwan randa da fura mai sanyi, da daddare kuma tuwon masara miyar kuka da man shanu. Wuta babu, zafi kuwa kamar a tanda, sai muka fito da tabarmi ƙofar gida. Sauro bai bar ni na runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu.

Amma kafin wannan, da magariba, na ga abin da ya tsaya mini a rai har yau. Da muka fito daga masallacin unguwar, sai na ga an shafa baƙin fenti a jikin katangarsa ta waje, kamar allon aji, an yi rubutu da alli, boko a hagu ajami a dama. Na matsa na haska da fitilar wayata. Lissafin kuɗin unguwa ne na watan. An rubuta abin da ya shigo daga gidaje, da abin da rijiyar burtsatse ta kawo, da gudummawar wani da aka ce ya nemi a sakaya sunansa. A ƙasa kuma abin da ya fita: ladan masu gadi 4, siminti buhu 3, ƙwan fitila 6, gyaran famfo, har da naira 700 kuɗin alli da biro. Can ƙarshe an ja layi biyu an rubuta saura. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ya tsaya kusa da ni yana karantawa a bayyane, yana bi da yatsa. Na daɗe tsaye. Mu a namu kwamitin kuɗin suna nan, ko sisi ba a ci ba, amma a littafina suke, littafin kuma yana cikin jakata. Ban taɓa tunanin wanda ya ba da 2,000 ɗinsa yana kwana yana tambayar kansa ina ta shiga ba.

Ranar Juma'a bayan asuba taubashina ya ce mu hau Dala kafin rana ta yi zafi. Muka bi matattakala har sama. Daga can Kano take shimfiɗe ta ko'ina, ga Gwauron Dutse a yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da Gidan Rumfa, sauran kuwa rufin kwano ne iya ganinka. Birnin da Sarki Gijimasu ya soma kewayewa da ganuwa wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a zamaninsa, 1463 zuwa 1499, yanzu ya tsallake ganuwar ya cinye ƙananan hukumomi 8: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ganuwar kanta sai ka nema kafin ka gani, kamar dai tamu ta Katsina, wani wuri an ci ta an yi shaguna.

A saman dutsen muka tarar da wani tsoho yana lazimi. Da ya shafa muka gaishe shi, hira ta kai mu kan ambaliya. Ya nuna wurare da sandarsa, ya ce can kududdufi ne da, can ma haka. Ya ce mutanen da in za su yi gini a nan suke haƙar ƙasa, ramin ya zama kududdufi, in ruwa ya sauka duk lungunan unguwa can suke juyewa. Kowace unguwa da nata. Daga baya aka riƙa cika su da bola, a daddale a yanka filaye a gina. "To ruwa ai ba ya mantuwa, Malam," in ji shi. "In ya zo gidansa ya tarar an gina, sai ya shiga na maƙwabta." Ya tuna mana ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa dilolin atamfa da shadda, wadda 'yan kasuwa da dama suka ɗora alhakinta kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Ina jin sa ina tuna wani rami da ke gabas da unguwarmu, wanda muke murna an fara cikewa.

Muka sauko muka ratsa cikin gari zuwa Kurmi, kasuwar da ita ma tun zamanin Rumfa take ci. A Jakara muka zauna muka ci bandashe, gurasa ce aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da man gyaɗa da albasa, naira 500, ban ƙara neman abinci ba sai la'asar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a yawon nan sunayen unguwanni ne. Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa, sana'a ce ta ba su suna. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa, waɗannan kuma baƙi ne suka sauka, aka ba su wuri, suka zama 'yan gari har jikokinsu ba su san wani gida ba sai Kano. Ashe tun asali birnin nan da karɓar baƙo aka gina shi, a ba shi gefe, a ba shi mai magana da yawunsa. Mu kuwa a kwamitinmu ko ɗan haya ɗaya ba mu saka ba, muna cewa ai ba mazauna ba ne, alhali sun kusa rabin layin.

Bayan sallar Juma'a Kawu ya kai ni gaida mai unguwa. Dattijo ne siriri, yana zaune a zaure kan darduma, ba kujera ba fanka. Mun tarar yana sasanta wasu maƙwabta biyu a kan indararo, ɗaya ya ce ruwan rufin ɗaya yana zubar masa a gindin katanga. Bai yanke hukunci a zaune ba, ya ce da la'asar zai je ya gani, a nemo magini. Da suka fita Kawu ya gabatar da ni, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema." Na kwashe labarinmu na faɗa masa, har da yadda mutane ke ɓuya.

Ya ce, "Malam, wa ya yanka dubu biyun nan?"

Na ce mu ne 'yan kwamiti.

"Ku nawa ne?"

Na ce mu 9.

"A cikinku akwai mai turin kura? Akwai mai gadi? Akwai wanda yake haya?"

Na ce babu, ranka ya daɗe. Yawancinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce mutum in ba shi da abin ba ka, kuma yana jin nauyinka, ɓuya zai yi, ba ƙin ka yake ba. Ya ce su nan kaso uku suka yi, 200 da 500 da 1,000, kowa shi yake zaɓar inda zai shiga, kuma a gaban jama'a aka amince da hakan. Gidan marayu da na gwauruwa ba a karɓa. Wanda ba shi da ko 200 ɗin ya kawo ƙarfinsa ranar gayya, a rubuta masa ya biya. Ya kuma ce shi ba ya taɓa kuɗin, ba ya cikin masu sa hannu. Nasa shi ne ya kira taro, ya san wanda ya shigo unguwa da wanda ya fita, in abu ya fi ƙarfinsa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Na fito daga zauren nan jikina a sanyaye. Wata uku ina zargin mutane, ban taɓa zama na tambayi ko mutum ɗaya nawa zai iya ba.

Asabar ita ce ranar da na zo domin ta. A Kano Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsaftar muhalli ce, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba a zirga-zirgar ababen hawa. A wurare da yawa mutane barcinsu kawai suke ƙarawa, Kawu da kansa ya faɗa mini haka. Amma a lungunsu tun kafin bakwai na ji ana buga ƙarfe, yara suna bi gida-gida suna cewa a fito. Aka buɗe wani ɗan ɗaki a jikin masallaci aka fito da kayan aiki: cebur, manjagara, diga, baro 5, kowanne an rubuta masa lamba da jan fenti, mai ɗauka sai an rubuta sunansa. An raba kwatar gida goma-goma, kowane yanki da mai kula da shi.

Na karɓi cebur na shiga yankin su Kawu. Duk wanda bai taɓa yashe kwatar birni ba bai san abin da ke cikinta ba. Sama ruwa ne baƙi ƙirin mai kumfa, ƙarƙashinsa laka mai nauyi kamar kwaɓaɓɓen siminti, a cikinta kuwa ledar fiya-wata ce dubbai, ta haɗu da robobin lemo da tsummoki da silifa marasa 'yan'uwa ta zama kamar tabarma. In ka soka cebur sai ka yi da gaske kafin ka ɗago, wari kuma ya bugo ka har cikin ƙwaƙwalwa. A bakin wata kwalbati muka tarar da katifa sukutum ta toshe hanya, sai da mutum 4 suka sa igiya suka jawo ta. Da ta fito, ruwan da ya yi makonni a tsaye ya yi wata ƙara ya wuce, yara suka sa ihu suna bin sa da gudu. Ban san lokacin da ni ma na yi kabbara ba.

A nan ne fasasshiyar kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa, domin da silifa na shiga. Jini ya yi ta zuba. Wani saurayi ƙaƙƙarfa mai tabo a kumatu ya ɗauke ni cak ya fito da ni, ya kai ni wurin mai kemis ɗin unguwar, aka wanke aka ɗaure, aka yi mini allurar tetanus. Na ciro kuɗi, mai kemis ya ce duk wanda ya ji ciwo a wurin gayya asusun unguwa ne ke biya. Daga baya taubashina ya gaya mini saurayin nan da yana cikin yaran da ke fitar dare da makami, unguwar kowa tsoronsa yake. Dattawa suka yi ta kai ƙararsa ba a ga canji ba. Liman ne ya ce a gwada ba shi amana. Aka sa shi cikin masu sintiri, aka ba shi fitila da usur da ɗan alawus, aka kuma kai shi koyon walda. Ba duka abokansa ne suka shiryu ba, wasu har yanzu suna nan yadda suke, amma shi ga shi, shi ne ma ke riƙe da makullin ɗakin kayan aiki.

Ina zaune ƙafa a ɗaure na ga sauran aikin. Daga cikin gidaje aka riƙa fito da bokitan koko da kunun tsamiya da ƙosai, kowane gida da abin da ya sawwaƙa. 'Yan bola jari suka zo suna tsince robobi da ƙarafa. Kawu ya ce babban sirrin shi ne kada a bar tulin a bakin kwata, domin in ya kwana biyu, iska da awaki da ruwan farko za su mayar da shi inda ya fito. Saboda haka tun mako guda kafin ranar suke kai takarda hukumar kwashe shara, REMASAB, su kuma tura komai da baro zuwa bakin titi inda mota za ta iya tsayawa. Ya ce a da manoman kewayen Kano har zuwa suke da jakuna su ɗebi shara su kai gona ta zama taki, leda ce ta ɓata wannan ciniki.

Da daddare bayan isha'i aka yi taron wata a ƙofar gidan mai unguwa. An shimfiɗa tabarmi, mutane sun kai 70. Ma'aji, wani tela, ya miƙe ya karanta abin da ke jikin allo layi-layi. Wani ya ɗaga hannu ya ce kuɗin simintin ya yi yawa, shi ya san farashi. Na zaci rai zai ɓaci. Ma'aji bai ce uffan ba, ya buɗe wata leda ya ciro rasit, aka miƙa hannu-hannu har ya isa wurin mai tambayar, ya haska ya duba, ya ce ya gamsu, aka wuce. Sai aka shiga maganar ƙofar ƙarfe da ake son sa wa bakin lungu saboda masu ƙwacen waya, a riƙa rufewa ƙarfe 11. Nan aka yi zafi. Mai shayi ya ce cinikinsa na dare ne. Wasu samari masu aiki a gidan burodi suka ce su sai ƙarfe ɗaya suke dawowa. Wani Bayerabe mai gyaran firji, ɗan haya, ya yi magana da Hausa tsantsa ya ce a tuna da mai naƙuda. Aka fi awa guda ba a daidaita ba, a ƙarshe aka ce a ɗage zuwa wata mai zuwa, mutum 5 su zauna da masu aikin dare su kawo mafita. Ni da na saba a gama komai a zama ɗaya, na ga kamar an ɓata lokaci. Kawu ya ce ƙofar da aka sa ba da yardar mai shayi ba, mai shayi ne zai fara ɓalle ta.

A hanyar komawa gida ya faɗa mini ba haka suka fara ba. Kwamitinsu na farko rushewa ya yi, lokacin zaɓe wani ɗan takara ya ba da kuɗi, aka rasa inda suka shiga, aka yi shekara biyu ba mai amsa kiran taro. Allon nan daga wannan raunin aka samo shi. Yanzu kowa yana zuwa da hularsa, ja ko wata, amma ba a maganar jam'iyya a kan tabarmar, kuma duk ɗan siyasar da zai taimaka sai dai ya kawo kaya, a rubuta a allo.

Lahadi da safe Inna ta ce ba zan tafi ba sai na ji ta bakin mata. Ta yi mini iso wurin wata Hajiya, tsohuwar ungozoma, wadda ke riƙe da adashin matan unguwar. Na zauna daga bakin ƙofa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, an ce kun yi kwamiti. Mata nawa kuka tambaya?" Na sunkuyar da kai. Ta ce rijiyar burtsatsen da na gani, mai aiki da sola, da maza sun so a haƙa ta tsallaken titi inda akwai fili. Mata suka aika wa mai unguwa cewa ba su yarda ba, domin yaransu ne masu ɗebo ruwa, ba za su riƙa tsallaka titi da bokiti a ka ba. Suka ce in wuri ne matsala za su taimaka, suka haɗa kwasar adashi biyu aka sayi wani ɗan kango a cikin lungu. Yanzu jarka naira 30 ce a nan, a wurin 'yan garuwa kuwa ta ninka haka sau da yawa, kuɗin kuma shi ke gyaran famfo.

Ta yi aikin rigakafin shan inna shekaru da dama, ta ce a nan ta koyi mutane. Ta tuna lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargin da ya yaɗu, da yadda ko bayan an dawo da shi ake rufe musu ƙofa. Ta ce abin bai gyaru ba sai da aka sa masu unguwanni da malamai a gaba, aka ɗauki matan da aka sani a kowane lungu. Ita in ta shiga gida ba ta fara ciro kwalba, sai ta gaida mai jego, ta duba cibiyar jariri, ta ji zazzaɓin da ke damun yara, wani gidan sai ta je sau uku kafin a miƙo mata yaro. Rabon da a samu mai nau'in cutar na asali a jihar Kano tun 2014, a 2020 kuma aka tabbatar an kawar da wannan nau'in daga Afirka. Ta faɗi wannan tana murmushi, ta sa aka zubo mini ɗanwake da mai da yaji, na ci a nan bakin ƙofa.

Da rana, ina ɗingishi, muka leƙa gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Muka yi masa addu'a a kabarinsa, a nan cikin gidan aka binne shi da ya rasu a watan Afrilun 1983. Na tsaya ina duban ɗakunan da ya zauna, ƙanana, ba wani ƙawa. Mutumin da ya jagoranci NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, ya sa talaka ya san yana da bakin magana, a nan ya rayu cikin lungu tare da mutanen da yake magana dominsu.

Daga nan taubashina ya ce sai na ga ɗaya fuskar, kada in koma da zaton ko'ina haka yake. Muka hau adaidaita zuwa wata sabuwar unguwa ta gefen Ungogo inda yayarsa ke aure. Kamar an ɗauko unguwarmu an ajiye. Layuka a karkace, ba kwata, ba makarantar gwamnati kusa, zaizayar ƙasa ta haƙa rami a tsakiyar hanya wanda zai haɗiye mota. Su ma suna da kwamiti, suna da himma, sun cika buhuna da yashi sun jera, ruwa ya tafi da su. Mijin yayar ya nuna mini fayil cike da kwafin takardun da suka kai ofisoshi, kowace da hatimin an karɓa. Ya ce irin wannan rami ya fi ƙarfin gayya, aikin injiniya ne da kuɗin gwamnati. Abin da suke yi yanzu shi ne su tafi a ƙungiya, da mai unguwa da liman da kansila, su kuma kai kukansu gidajen rediyo. A Kano rediyo makami ne, tun da Freedom ta buɗe a 2003 wasu suka biyo baya, shiri irin Inda Ranka har manya suna saurare. Na tausaya musu ƙwarai, domin hadari ya riga ya fara haɗuwa, gidaje biyu kuma suna bakin ramin.

Litinin da safe na shiga kasuwa na sayi babban littafin lissafi mai bango, da galan ɗin baƙin fenti, da kwalin alli. Na sayi alkaki da gurasa tsarabar yara, Inna ta ƙara mini da daddawa da kuka. Duka tafiyar, da mota da adaidaita da sayayya, ta ci mini wajen naira 31,000. Kawu ya raka ni har mota, ya ce in an sa ranar gayyarmu in gaya masa, zai aiko da baro biyu. Hanya lafiya lau, ruwa ya tare mu daga Tsanyawa har Kankiya, muka shiga Katsina bayan azahar.

Washegari da yamma ban kira taro ba. Na tafi gidan wani maƙwabcina mai turin kura, wanda yaronsa ya sha ce mini ba ya nan. Na yi sallama, na ce a gaya masa ba karɓar kuɗi na zo ba, gaisuwa ce. Ya fito yana sunkuyar da kai. Muka zauna a dakali, na ba shi haƙuri, na tambaye shi yadda yake ganin za a yi da ruwan nan. Ya yi jim, sannan ya ce, "Malam, in ba za ka ji haushi ba, inda kuka ce za a yi kwatar ba ta nan ruwan yake zuwa ba." Ya ce shi kullum da asuba yake fita da kura, ya sha ganin sa. Ya tashi ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan layi, ya tsaya a wani lungu da ban taɓa shiga ba, ya sa ƙafa ya share yashi, ya nuna mini alamar da ruwan bara ya bari a jikin bulo, ta kai gwiwata.